Ina Gadin Naka

Panshekara, Kano,
10 ga Maris, 1985.

Zuwa ga aminina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida Tabita da 'yarmu Asibi da dukan mutanen Kagoro. Yaya ƙarfin jikin Baba? Yaya kuma zafi, ko ku da ke gindin dutse bai kai gare ku ba? Mu nan Kano dahuwa muke yi, amma lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Indo tana gaishe ka, ta ce in gaya maka har yanzu in tana kwasar tuwo takan manta ta sa malmala biyu a kwanonka.

Wannan ita ce wasiƙata ta huɗu tun da ka bar masaƙa a watan Nuwamba, ba ka amsa ko ɗaya ba. Na san dalili, ba sai an gaya mini ba. Ni ne na je na faɗa wa manya cewa kunnenka ya daina ji, aka kai ka wurin likita, aka sallame ka daga aiki. Ka tafi ba ka yi mini sallama ba, sai jitarka na tarar jingine a ƙofar ɗakina da safe. Tana nan rataye a bango, Indo na goge ta duk Juma'a. Ba zan daina rubutowa ba. In ka ga dama ka riƙa hura wuta da takardun, ni dai na san hanyar gidan waya.

Yau kuwa da labari na zo, kuma in ban ba ka shi ba cikina zai fashe. Ka tuna Gajeren Wando, injiniyan Baturen nan da yakan janye ni daga kan injinana in bi shi gyara duk sanda wani inji ya lalace? Ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu. Ana gobe zai tafi ya kira ni gidansa a Bompai, ni duk a zatona wani tsohon kwat zai ba ni. Sai ya nuna mini kayan falonsa: talabijin mai kala, da bidiyo, da akwatin ƙara sauti, da lasifika huɗu, biyu manya da suka kai mini ƙugu, biyu ƙanana. Ya ce jirgi ba zai ɗauke su ba, kuma shekara takwas ina miƙa masa sufana ban taɓa ɓatar masa da ko noti ɗaya ba, saboda haka in kwashe. Ya haɗa mini da kwali guda cike da kaset. Wallahi Bulus, sai da na nemi wuri na zauna.

Ya zana mini a takarda yadda ake jera su, manyan a gaba, hagu da dama da talabijin, ƙananan kuma a bayan mai kallo, can sama kusa da rufi. Na ce masa ai ƙeya ba ta kallo, me za a ajiye mata? Ya yi dariya ya ce in je in gwada. Yini guda na yi ina jan waya a falon nan nawa da ka sani, wanda in mutum biyar suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Kujerar katakon da kake zama a kai dole ta koma tsakar gida.

Indo ta ɗauka fim ɗin Indiya ne a kwalin. Ta bi gidajen layinmu ta gayyato mata, har da soya gyaɗa. Yau bayan azahar falo ya cika, na yi bisimilla na tura kaset. Da farko duhu ne kawai, sai wani irin ihu da tafi ya taso daga bayanmu. Matan nan suka zabura gaba ɗaya suka waiwaya. Indo ta fita a guje ta leƙa soro, a zatonta jama'a ce ta afko mana gida. Kajinta biyu suka haura katanga, ɗaya har yanzu ba ta dawo ba. A nan na gane amfanin lasifikan baya.

Sai fitilu suka kama, ja da shuɗi, ga wani dogon dandali, ga mutane a ƙasa sun fi na filin idi yawa. Mutum huɗu ne a sama, gashi har gadon baya. Matan suka yi ta gardama ko maza ne ko mata, sai da ɗaya ya juyo aka ga gemu. Biyu na rataye da jita irin taka amma mai waya, ɗaya na zaune a tsakiyar ganguna sun kai goma, na huɗun na riƙe da makirfo kamar zai haɗiye shi. Da suka fara, kofunan shayin da ke kan kabad suka kama rawa. Ashe duk kwalin haka yake, kiɗan nan da kake kira rok, wanda aka ɗauka ana cikin yin sa a gaban jama'a. Babu Indiya ko ɗaya. Matan suka cinye gyaɗa suka watse, suna cewa Bature ya bar wa Gwadabe gadon hayaniya. Indo ta yi fushin rabin sa'a, daga baya na hango ta ta labule tana tankaɗe tana kaɗa kai.

Ni kam na zauna har ƙarshe, kuma kai na yi ta tunawa. Na tuna ranakun Asabar da kake goya ni a keke mu je Sabon Gari in ga kuna kiɗa, ina gefe da kwalbar lemo ina yi muku tafi a inda bai dace ba. Kai kaɗai a cikinmu za ka gane abin da mutanen nan ke yi da yatsunsu. Na daɗe riƙe da biro ina tunanin ko daidai ne in ba ka labarin kiɗa a halin da kake ciki. Amma shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin abin mamaki na ɓoye maka ba, ba kuma yau zan fara ba.

Ka gaishe mini da Tabita da Asibi, ka yi wa Baba sannu.

Ni ne naka,
Gwadabe.

Panshekara, Kano,
31 ga Maris, 1985.

Aminina Bulus,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da kai, tare da fatan kowa na gida yana lafiya. Ista ta ƙarato, ina yi muku barka tun yanzu. Bana dai za mu yi kewar shinkafar da Tabita ke aiko mana a babban kwano mai murfi.

Amsa ba ta zo ba, amma kazar Indo ta dawo da ƙafarta, don haka ban fid da rai da komai ba.

Falona ya zama majalisa. Tun da zare ya yi ƙaranci aka daina aikin Lahadi, 'yan sashenmu na saƙa suka mai da gidana wurin zuwa bayan azahar. Mu da muke yini cikin ƙarar inji ɗari biyu, wannan kiɗa bai dame mu ko kaɗan ba, cewa ma suke in ƙara murya. Da ka zo ka ji sharhi. An yarda baki ɗaya cewa mai ganga shi ne ɗan wahala, sa'a biyu hannu da ƙafa ba hutu, ba riga, gumi kamar an watsa masa ruwa, ga mai waƙa yana ta zagaye yana karɓe tafi. Shi mai waƙar sun raɗa masa suna Manaja. In an gama, makaɗan kan ɗaga hannu su fice, jama'a su yi ta ihu har sai sun dawo sun ƙara biyu. Ranar farko tausayinsu ya kama mu, muka ce ashe a can ma in mutum ya tashi aiki sai foman ya dawo da shi.

Ka san Ashafa mai gadin gobara, wanda ke laluben aljihunmu a ƙofa kullum yana neman ashana. Lahadin da ta wuce ya zo, ya zauna a gaba ya harɗe hannu. Ana cikin wata waƙa mai sanyi sai hayaƙi ya turnuƙe dandalin, dubban mutane kuma suka kyasta wutar kunna sigari suka ɗaga sama. Ashafa ya miƙe tsaye yana tambayar ina bokitin yashi, wa ya bar su suka shigo da wuta, ta ina za a fita. Har ya kai hannu aljihu zai ciro usur. Muka yi dariya har wasu suka faɗi daga kan tabarma. Ya koma ya zauna yana huci, ya ce da shi ne a ƙofa da ko mutum ɗaya bai shiga ba.

Da aka watse, sai hayaƙin nan ya mai da ni ranar da ka sani. Bari in faɗa maka abin da na kasa faɗa a wasiƙu huɗu.

Na san al'adarmu ta masu saƙa, ba a kai ƙarar kunne. Duk wanda jinsa ya yi rauni mu ke rufa masa asiri, mu tsaya a bayan foman in yana magana, mu maimaita wa ɗan'uwanmu da leɓe. Shekara guda na yi maka haka, ban taɓa jin nauyi ba. Amma ranar da ƙurar auduga ta kama wuta, jiniya ta yi kuka, kowa ya fita, na duba fuskoki a waje ban ga taka ba. Na koma na same ka durƙushe a gindin inji kana ɗaura zare, hayaƙi na yawo bisa kanka, ba ka san abin da ake ciki ba. Kwana uku in na rufe ido kai nake gani a wurin. Na ga gara ka rayu kana fushi da ni. Wannan har gobe ban yi nadamarsa ba. Inda na yi kuskure shi ne ban fara zuwa gare ka ba, na bi ta bayanka, ka ji a bakin wasu. Wannan kam laifina ne, kuma ina roƙon ka yafe mini.

Ina kewarka, Bulus. Wanda aka ba injinanka mutumin kirki ne, amma in na yi masa alama da hannu sai ya tsaya yana kallona kamar na zare.

A gaishe da mutanen gida ƙwarai.

Naka har kullum,
Gwadabe.

Panshekara, Kano,
21 ga Afrilu, 1985.

Aminina Bulus,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata an yi Ista lafiya, kuma ruwan farko ya sauka muku da albarka. Mu nan hadari kawai muke gani ya haɗu ya watse.

Kada ka yi wa Tabita faɗa. Layi uku ta rubuto mini, Allah ya saka mata. Ta ce ba ka hura wuta da takarduna, cikin Littafinka Mai Tsarki kake ajiye su. Ta ce ranar da ka karanta labarin Ashafa ta ji dariyarka daga bayan gida, karo na farko tun da kuka koma. Ta kuma ce ka daina zama kusa da mawaƙa a coci, can baya kake zama, ana tashi ka wuce gona. Na farkon ya sa na yini ina washe baki a wurin aiki, na ƙarshen kuma ya hana ni cin abinci sosai.

Yanzu ka gyara zama, don abu biyu na gano, kuma duka naka ne.

In ladan ya kira la'asar nakan kashe sauti, amma ba na tsayar da kaset, don na taɓa tsayarwa bidiyon ya tauna mini ɗaya. Sai hoto ya ci gaba shiru, mu kuma muna jiran layin buta muna kallo. A cikin wannan shirun ne muka lura. Mai ganga ya ɗaga gira, mai jita ya gyaɗa kai. Ɗayan mai jitar ya taɓa kunnensa ya nuna sama, wato a ƙara masa. Manaja ya ɗaga yatsa biyu a bayan ƙugunsa, duka suka juya tare. Har maganar leɓe suke yi, baki a buɗe sosai, irin tamu sak. Bulus, ashe su ma ba jin juna suke yi ba! Da ido suke aiki, kamar yadda muka yi shekara goma sha huɗu inji na kallon inji. Na tuna alamarka ta la'asar, ka taɓa goshi sau biyu, ka nuna idanunka, ka nuna injinana: je ka yi salla, ina gadin naka. In na dawo kuma ka buga agogon hannu, kai da ba ka taɓa ɗaura agogo ba, wai na daɗe.

Na biyu ya fi wannan. Ka tuna Baffa, tsohon masaƙin da ya koya mana ɗaurin zare, wanda kunnensa ya rufe tun kafin ka yi aure? Ya biyo jama'a don kada ya zauna shi kaɗai. Bai sami wurin zama ba, sai ya hau kan babbar lasifika ya miƙe ƙafa. Can na ga ƙafarsa tana bugun ƙasa, daidai da mai ganga, ba gaba ba baya. Ya dafa akwatin da tafin hannu, ya dube mu ido waje, ya ɗaga murya yadda ka san yana yi: "Kai! Ina jin su a ƙashina!" Da na kashe sauti don kiran salla kuwa, shi ya riga kowa miƙewa neman buta. Ya ce abin ya yi shiru a ƙarƙashinsa, ya san lokaci ya yi. Shekara goma sha biyar ke nan rabon da ya tashi salla ba wanda ya taɓa masa kafaɗa.

Ban yi wata-wata ba. Na samo katako mai kauri, na ɗora bisa manyan lasifikan nan biyu, na ɗaure da noti huɗu. Ya zama benci. Na saɓa wa zanen Gajeren Wando, Allah ya ba shi haƙuri. Na toshe kunnuwana da auduga na zauna na gwada. Ganga a cinya ake jin ta, jita mai kaurin murya a gadon baya, ƙaramar kuma sai ka dafa da hannu. Sauran aikin na ido ne, kuma ido kam ba wanda ya kai ka.

Ba na cewa zan mayar maka da kunnenka, ban isa ba. Ba na cewa ka zo domina. Ka zo ka zauna a bencin nan sau ɗaya, ko ba za ka dube ni ba. Na saya wa jitarka sababbin tsirkiyoyi a Sabon Gari, amma ban ɗaura ba, don na san in na taɓa sai ka ce na ɓata.

Indo ta ce in ka zo miyar kuka za ta yi, da man shanu.

Ni ne mai jiranka,
Gwadabe.

Panshekara, Kano,
13 ga Mayu, 1985.

Zuwa ga uwargida Tabita, Maman Asibi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da Asibi da Baba. Yaya aikin gona, yaya kuma haƙuri da mu? Indo tana gaishe ki, ta ce saƙon citta ya iso, an gode, Allah ya bar zumunci.

Da farko ki kwantar da hankalinki, mijinki bai ɓata ba. Na san kwana biyu ya ce miki, yau ga shi kwana tara. Laifin nawa ne da na wani benci, kuma tunda ke kika sa shi a mota, ke ya kamata ki fara jin yadda aka yi.

Ranar Asabar ya iso, amma bai sauka a gidana ba, wurin ɗan'uwanku na Zawaciki ya kwana. Lahadi bayan an taso coci sai ga shi a soro da rigarsa mai ruwan ƙasa. Ya gaisa da Indo har da tsokana, ya durƙusa ya gai da Baffa, ya rungume Ashafa. Ni kuwa ya miƙo mini hannu yana kallon bango. Ke kin fi ni sanin wannan: wanda ba ya ji, in ya ƙi duban bakinka, to ya rufe maka ƙofa ke nan. Na yi masa sannu da zuwa sau uku, duk a iska. Na ce a raina yau ko a yi ta ko a rasa ta.

Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya tsaya ya duba bencin, ya girgiza shi, ya leƙa notin kamar mai neman kuskure. Sannan ya zauna a tsakiya. Na zaɓo kaset ɗin da muka fi so, na tura, na buɗe murya har kofuna suka fara rawarsu.

Da ganga ta faɗi, sai na ga bayansa ya miƙe. Ya dafa katakon da hannu biyu. Bai motsa ba har waƙar farko ta ƙare, ni kuma ban kalli talabijin ko sau ɗaya ba, shi nake kallo ta gefe. A ta biyu ƙafarsa ta fara. A ta uku yatsun hannunsa na hagu suka kama tafiya a kan gwiwarsa, suna bin na mai jita. Can sai ya yi tsaki mai ƙarfi, ya nuna talabijin, ya shaida wa Baffa da hannu cewa mai jitar ya yi kuskure ya rufe da murmushi. Mu da muka kalli kaset ɗin nan sau shida da kunnuwanmu ba wanda ya taɓa lura. Da hayaƙi ya tashi kuma, duk falon aka juya ana kallon Ashafa, Bulus ya yi dariya har da buga cinya. Duk wannan bai dube ni ba.

Indo ce ta yi ƙarfin halin da na kasa. Ta sauko da jitar daga bango ta ɗora masa a cinya, ta ajiye tsirkiyoyin a gefe, ta koma bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya fara ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, yana kafa haɓarsa a jikin katakon jitar yana murɗa kunnenta, wai ta haƙoransa yake jin ta. Yana cikin ta ƙarshe ladan ya kira la'asar.

Na miƙa hannu na kashe sauti kamar kullum. Bencin ya yi shiru a ƙarƙashinsa. Ya ɗago kai, ya dubi inda rana ta kai a bango, ya ga mutane na neman takalma. Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun watan Nuwamba. Ya taɓa goshinsa sau biyu. Ya nuna idanunsa. Ya nuna bidiyon.

Maman Asibi, ba lalle ki san wannan alama ba, ta cikin masaƙa ce. Shekara goma sha huɗu da ita yake sallamata in je salla, ma'anarta je ka, ina gadin naka. Ban san yadda na kai masallaci ba. Na yi alwala na wanke fuska ya fi sau uku, don abin da ke zuba bai tsaya ba. Ashafa na kusa da ni a sahu, ya yi kamar bai gani ba, Allah ya yi masa albarka.

Muna dawowa, tun daga bakin layi muka jiyo jita. Ba ta cikin lasifika ba, tasa. Yana zaune shi kaɗai gaban hoton da ba murya, yana kallon yatsun Baturen yana bin sa, Indo da matan layinmu sun cika taga. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsirkiya ɗaya ta ɗan karkace, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Da ya gan ni a ƙofa ya tsaya, ya buga agogon nan nasa da babu shi, ya ce da muryar da aka ji har gida na uku: "Ka daɗe, Gwadabe. Injinka bai tsaya ba."

Daga ranar ya dawo gidana da jakarsa. Mun yi maganar da ya kamata mu yi tun bara, da baki da hannu, ya faɗi nasa na faɗi nawa, ya zage ni iya son ransa na ce na karɓa. Kullum in na taso aikin safe nakan tarar da shi da Baffa a kan benci suna gardama a kan mai ganga. Ya cinye wa Indo kuka da man shanu, kuma ya ce notina ɗaya bai ɗauru ba, ya sake ɗaure shi. Ƙarya yake, lafiyarsa ƙalau.

Azumi ya ƙarato, zan rufe bidiyo da zane sai bayan salla. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan sa shi a motar Kafanchan da kaina, don na san gona na jira. Ki share wuri a bango, jitar tare za su taho. Ya ce ki gaya wa shugaban mawaƙa ya ajiye masa kujera kusa da mai ganga, inda zai iya ɗora ƙafa a jikinta. Bayan salla kuma ku zo ke da Asibi, Indo na son ta ga yadda za ki yi in tafi ya taso miki ta baya.

Na gode, Maman Asibi, da layin nan uku. Ki gaishe da Baba, ki shafa mini kan Asibi. Ga shi nan a kaina yana karanta abin da nake rubutawa, ya ce in ba shi biro.

Ni ne abokin maigidanki,
Gwadabe Makanike.

Tabita, ina lafiya. Kuskuren Baturen gaskiya ne, notin ma gaskiya ne. Wasiƙu shida ya rubuto mini, ga amsarsu duka a nan ƙasan tasa, ya karanta da kansa: na yafe, Gwadabe. Ki ce wa Asibi ina zuwa da jita.

Bulus.